Ana Duba Haƙoran Rago, Ba a Duba Wayar Gida

Babu mai hankalin da zai shiga kasuwar dabbobi ya biya kuɗin rago bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, bai shafa ƙirjinsa ya ji nama ba. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki buhun tattasai a Difa bai zura hannu har gindin buhun ba, don kowa ya san mai kyau ake ɗorawa a bisa. Wannan wayo ne da muka gada, kuma ba mu taɓa jin an kira shi rashin yarda da Allah ba. To, amma ga abin mamaki. Mutumin nan da ya ɓata rabin yini a kan ragon jika tamanin, shi ne zai ƙirga miliyoyi ya sayi gida bayan ya zaga shi sau ɗaya da la'asar. Zai yaba fenti, ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, ya tambayi ko takardu sun cika. Wayar da aka binne cikin bango, wadda ƴaƴansa za su kwana kusa da ita shekara ashirin, ba zai tambaya ba. Dillali ba zai faɗa ba, mai gida ya yi gum, hukuma kuwa ta buga hatimi ta karɓi nata. Wannan sakaci ne na gari baki ɗaya, kuma lokaci ya yi da za a kira shi da sunansa.

Sai mu fara da yadda Difa ta zama abin da take a yau. A ƙidayar 2012 mutanen da'irar Difa dubu hamsin ne da ƴan kai. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Difa da Boso, aka kafa dokar ta-ɓaci, jama'a suka kwararo daga ƙauyukan bakin Kumadugu, daga tsibiran tafkin Cadi, da kuma daga tsallaken kogi. Harin Boso na Yunin 2016 ya ƙara koro wasu. Bayan su sai ga ƙungiyoyin agaji da motocinsu da ma'aikatansu, kowa na neman gidan haya mai na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin fili ya tashi, kuɗin haya ya tashi, duk mai ɗan abin hannu ya koma magini. Aka yi ta gini da gaggawa, musamman gabanin bikin Difa N'Glaa na Disambar 2021. Wanda ke da ɗaki uku ya mayar da su shida. Wanda ke da zaure ya fasa shi ya yi shago. Kowane sabon ɗaki kuwa an jawo masa wuta ne daga tsohon ɗaki, da wayar da aka samu, ta hannun yaron da aka samu. Waɗannan gidaje ne a yau ke sauya hannu, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ya ci bashin banki na shekara da shekaru shi ne mai saye.

Bari mu buɗe bangon mu ga abin da ke ciki, tun da masu sayarwa ba za su buɗe mana ba.

Waya tana da iyaka kamar yadda jaki ke da iyakar kaya. A ƙa'idar aikin lantarki, waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket ce, manyan na'urori kuwa kowacce a ja mata nata layi da waya mai kauri. Gidan da aka yi wa waya shekara ashirin da suka wuce an yi masa ne don ƙwan fitila biyar da fanka biyu da rediyo. Yau a kan wannan waya aka ɗora firji, da firizar ƙanƙarar sayarwa, da dutsen guga, da butar dafa ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki biyu. Waya ba ta ƙorafi, ɗumi take yi. Robar da ta lulluɓe ta ta bushe, ta tsage, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura 40, cikin silin da ke ƙarƙashin kwano. Ɓera ya ci nasa rabo. Inda aka haɗa waya biyu da murɗawa aka naɗe da baƙin salatif, nan tartsatsi ke farawa, kuma abin da ke kewaye da shi katako ne busasshe. Bugu da ƙari, kasuwanninmu cike suke da wayar jabu, wadda aka rubuta mata 2.5 alhali ba ta kai ba, ko kuwa gorar ruwa ce aka shafa mata jan ƙarfe a bisa. Mai gini don sayarwa ita zai saya, domin ya san ba shi zai kwana a ɗakin ba.

Sai maganar da ta fi kashe mutane a ɓoye, wato rashin wayar ƙasa. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Kwatankwacin abin da ƙwan fitila mai wat 10 ke ja, in ya ratsa ƙirjin mutum, yana iya rikita bugun zuciyarsa. Saboda haka ne aka ƙera ɗan makashin wuta mai lamba 30, wanda ke yanke kuran nan take da zarar ya ji tana zurarewa ta inda bai kamata ba. Babban makashin da ke gindin kontar ba ya wannan aiki, domin galibi sai yoyon ya kai 300 ko 500 yake motsawa, a lokacin kuwa mai aukuwa ta auku. Gida nawa ne a Sabon Kare ko Difa Kura ke da wannan ɗan makashi? Gida nawa ne aka kafa wa sandar jan ƙarfe a ƙasa, aka kuma auna ta? Ƙasarmu yashi ce, busasshen yashi kuwa ba ya shan wuta da sauƙi, don haka sandar da aka soka kamu biyu aka tafi ado ce kawai. Uwar gida ta ce firji na jan ta in ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, sai a yi dariya a ce ta sa takalmi. Wannan jan da ake wa dariya gargaɗi ne, kuma ba kullum wuta ke yin gargaɗi sau biyu ba.

Mutanen kwarin Kumadugu suna da wata matsala ta kansu. Kogin nan ruwan Haɗeja da Jama'are yake kawowa, shi ya sa yake cika bayan damina ta ɗauke, a watannin Oktoba da Nuwamba. A Oktoban 2019 ya ɓalle ya shiga gidaje da gonaki, ya kuma maimaita a 2022. Ruwa ya janye, bango ya bushe, aka yi sabon yaɓe da fenti. Amma ruwan da ya shiga bututun waya, da laka da ta kwanta cikin soket, da tsatsar da ta kama mahaɗai, fenti ba ya taɓa su. Gidan da ya taɓa shan ruwa har gwiwa, wayarsa abin tuhuma ce sai an auna ta da na'ura an tabbatar. Mai sayarwa ya san har inda ruwan ya kai, maƙwabta sun sani, dillali ya fi kowa sani. Baƙon ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Damagaram shi kaɗai ne bai sani ba, kuma shi ne mai biya.

Ga kuma abin da yawan ɗauke wuta ya haifar. Da can layi daga Damasak na kawo wa Difa kuran, sai rikici ya mayar da gari kan injuna masu ƙona mai. Jama'a suka nemi mafita, wannan da janareto, wancan da faifan hasken rana da batura. Neman mafita ba laifi ba ne. Laifin shi ne yadda ake haɗawa. Janareton da aka soka kai tsaye a soket, ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba, yana mayar da wuta bisa falwaya, inda ma'aikaci ke aiki da zaton layi a kashe yake. Wanda aka tayar a cikin zaure a rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kwantar da iyali barcin da ba tashi. Batura kuwa a ɗakin da ba taga suna fitar da iska mai kamawa. Mai gida ya tashi ya kwashe injinsa da baturansa, ya bar wa mai saye wayoyi tsirara a bango, ba wanda ya san wacce ta fito daga ina.

Yanzu sai gas. Man Agadem daga ƙarƙashin ƙasar jiharmu yake fitowa, kuma tun da aka buɗe matatar SORAZ a Nuwambar 2011 tukunyar gas ta shiga gidajen da ba su taɓa saninta ba. Wannan alheri ne, musamman a ƙasar da hamada ke cin itatuwanta. Sai dai an raba wa mutane tukunya ba a raba musu ilmi ba. Iskar da ke cikin tukunyar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu, saboda haka in ta zurare ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwari. Da ta kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ko na injin firji ya isa. Ɗakin girki da ba shi da kafar iska ta ƙasa, wanda aka liƙa masa soket dab da murhu, tarko ne. Tiyon roba yana da wa'adi rubuce a jikinsa, amma wa ke karantawa? A gidajen manya an fara binne bututu daga tukunyar waje zuwa kicin, kuma mai saye yana gadonsa ba tare da an taɓa gwada shi ba. Gwajin farko kuwa kumfar sabulu ce a shafa a mahaɗai a ga ko za ta yi ƙwai. Maimakon haka har yau akwai mai ƙyasta ashana wai ya ji ko gas na fita.

To, duk wannan, wa ke tambaya a ranar ciniki? A duba takardun da ake nema wajen sayar da gida: takardar mallakar fili, shaidar mai unguwa, sa hannun shaidu, hatimin mairi ko na notar, rasit na haraji. Kowace takarda tana kare kuɗi ne, ko na mai saye ko na baitulmali. Babu ko ɗaya da ke kare rai. An kafa hukumar ARSE mai kula da harkar makamashi a 2015, an yi dokar lantarki a 2016, an yi taruka a manyan otal na Yamai. NIGELEC kuwa, wadda ke aiki tun 1968, iyakarta kontar, abin da ke bayan kontar na mai gida ne. Ko da an duba gida ranar da aka ba shi wuta da farko, wannan dubawa ta tsufa tun ranar da aka ƙara ɗaki na huɗu. Ke nan daga kontar zuwa katifar yaro akwai wani fili da ba na kowa ba, kuma a cikin filin nan ake mutuwa.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan kafa. A Faransa, wadda muka kwaso rabin dokokinmu daga gare ta, tun 1 ga Nuwamba 2007 ba a sayar da gidan da kayan gas ɗinsa suka wuce shekara 15 sai da takardar bincike, kuma tun 1 ga Janairu 2009 haka abin yake ga lantarki. Mai sayarwa ne ke kawo takardar, aikinta shekara 3, kuma ba ta tilasta masa gyara ba, tana dai hana shi ɓoyewa. A nan kusa, Kodebuwa ta wajabta duba wayar cikin gida kafin ba da wuta tun 1981, Senegal da Benin su ma suna da hukumomin wannan aiki. Mun iya kwaikwayon Faransa wajen tambari da kuɗin rajista. Da aka zo kan abin da zai tsare ran talaka, sai muka tuna cewa mu ƴantattu ne.

Ba ma sai mun je Turai ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar farar hula ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi. In ɗingishin doki aibi ne da ke warware ciniki, me za a ce da wayar da ke iya ƙone mutum takwas a dare ɗaya? Alhajin da ya san silin gidansa ya taɓa hayaƙi, ya sa aka shafe baƙin da farar ƙasa ya sayar, ya ci haram ko da ya raba rabin kuɗin sadaka. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la'adarsa, abokin tarayya ne.

Mun san abin da za a ce mana, don haka bari mu amsa tun ba a faɗa ba.

Za a ce gobara ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo uku, yana ɗaukar mai gadi, bai taɓa barin kuɗinsa a buɗe ya ce ɓarawo ƙaddara ne ba. A kan ran iyalinsa kaɗai yake tuna tawakkali, saboda a nan ne tawakkalin ke rage masa kashe kuɗi.

Za a ce jihar da ke fama da tsaro da ƴan gudun hijira ba ta da lokacin maganar soket. Muna tambaya: wanda ya tsere wa bindiga daga Boso ko Geskeru, ya zo ya ƙone a ɗakin haya a Difa, mutuwarsa ta fi sauƙi ne? Garin da motar ƴan kwana-kwana ke fama da yashi da lunguna kafin ta iso, shi ya fi kowa buƙatar kada wutar ta tashi tun farko.

Za a ce mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a ƙasar nan, a bari wuta ta wadata tukuna. Wannan tunanin baya ne. Yanzu da ake ja wa sababbin unguwanni layi, yanzu ne ya kamata a kafa ƙa'ida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai dai hujja ɗaya mai nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Za a ce sabuwar takarda sabuwar ƙofar cin hanci ce, za a sayar da ita a bakin ofis ba wanda ya taka gidan. Wannan tsoro ne na gaskiya, duk wanda ya taɓa bin takarda a ƙasar nan ya san shi. Maganinsa shi ne a ɗaure mai sa hannu da sa hannunsa. Takardar ta ɗauki sunansa da lambar izininsa, da alƙaluman da na'ura ta nuna, ba kalmar "lafiya" kawai ba. A kafe farashin binciken a allo a ƙofar mairi. Mai saye ya zaɓi mai binciken da kansa, ya tsaya a kansa. In gidan da aka ce lafiya ya kama wuta ta dalilin abin da ya kamata a gani, a ƙwace izini a kai mutum gaban alƙali. Ana sayar da lasin tuƙi a ɓoye, amma ba mu ji mai hankalin da ya ce a soke lasin ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Gwamnati ta yi doka cewa ba za a sauya sunan mai gida a mairi ko wurin notar ba, ba kuma za a sauya sunan mai kontar ba, sai da takardar binciken wuta da gas. Kafin dokar ta iso daga Yamai, kilomita fiye da 1,300, hukumar garin Difa tana iya farawa da nata umurni, Maine-Sorowa da Ngigmi su bi. A ɗauki matasan da suka koyi aikin lantarki a makarantun sana'a, a gwada su, a ba su izini da na'urorin awo, ga aikin yi ya samu. Gidajen da gwamnati da ƙungiyoyin agaji ke kamawa haya su zama na farko, tun da su ne suka tayar da farashi. Gidan da ambaliya ta taɓa shiga a rubuta hakan ƙarara a takardar ciniki. Duk gobarar da aka yi a binciki sanadinta a faɗa wa jama'a, a daina rufe kowace da kalmar "wutar lantarki ce ake zato". A kuma hana shigo da wayar jabu, domin ƴan duwan da ke iya gano buhun shinkafa ɗaya a ƙarƙashin mota ba za su kasa gane naɗin waya ba.

Kai kuma mai saye, kada ka jira kowa. Kafin ka ba da ko dala, ka zo da naka ma'aikacin lantarki, ba na mai gida ba, ba na dillali ba. A buɗe allon makasai a ga ko akwai mai lamba 30, a danna maɓallin gwajinsa a ga ya faɗi. A auna wayar ƙasa. A cire soket uku ko huɗu a ga kaurin waya da launin ƙarfenta. A hau silin da tocila. A kunna duk na'urori na rabin awa, a shafa soket da makasai a ji ko sun yi zafi, a shaƙa ko akwai ƙaurin roba. A kashe komai a ga ko kontar na ci gaba da ƙirga, domin watakila maƙwabci na sha daga layinka. A duba kafar iska a kicin da wa'adin tiyo. Ka tambayi tsofaffin unguwa har ina ruwa ya kai a 2019. Abin da aka gano a yi masa kuɗi a cire daga farashi. Wanda ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa, ka ɗauki hularka. Duk wannan ba zai ci maka abin da ka ware wa walimar tarewa ba.

Ƴan kasuwa kuwa ba sa buƙatar a yi musu wa'azin wuta. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta bi ta a 2012, kasuwar Litinin ta Maiduguri, wadda da yawanku ke sari a cikinta, ta ƙone a Fabrairun 2023. Kun ga attajirai sun wayi gari ba su da na cefane. Haja ana mayarwa in Allah ya buɗa, ɗa ba a mayarwa. Ƙungiyoyinku da ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikata sun sha haɗa kai a kan haraji da albashi har aka saurare su. Ku haɗa kai a kan wannan ma, ku kai wa gwamna da hukumar gari buƙatar a rubuce.

Mun saba da abin da ke biyo bayan gobara: tawagar manya, buhunan shinkafa, tabarmi da barguna, hoto a talbijin, addu'ar Allah ya kiyaye gaba. Muna cewa amin. Amma wanda ke da ikon sa hannu a kan dokar da za ta kiyaye gaban, ya ƙi sawa, ya zo da buhun shinkafa, ya sani cewa iyalin mamaci ba shinkafa suka rasa ba.